Muryar Yaro da Hawayen Babba

Duk wanda ya taɓa kwana a Potiskum cikin watan Rabi'ul Awwal, ko ya halarci walimar saukar karatu a ɗaya daga cikin makarantun Islamiyya da ke unguwanninta, ya san abin da muke shirin magana a kansa. Bayan sallar la'asar akan share fili, a yayyafa ruwa saboda ƙura, a jera kujerun haya a ƙarƙashin rumfa, a ɗaure lasifika a reshen darbejiya. Shugaban makaranta ya yi jawabi, babban baƙo ya yi nasa, jama'a na hamma a ɓoye, masu tallar gyaɗa da rake na ratsa sahu. Can sai a sanar cewa ɗalibai za su kawo waƙe. 'Yan mata goma sha biyu ko sha biyar su fito a jere cikin hijabi iri ɗaya, ƙaramar cikinsu a gaba tana riƙe da abin magana da hannu biyu saboda ya yi mata nauyi. Ta ɗaga murya ta ja baitin farko, sauran su karɓa da amshi. Nan take surutu ya ɗauke ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke.

A irin wannan zama muka taɓa ganin wani dattijo, dillalin shanu, wanda ranar Laraba in ka same shi a kara yana ciniki ba za ka ga alamar tausayi a fuskarsa ba, ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin babbar rigarsa. Kusa da shi akwai direban tirela da ya sha hanyar Legas, shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Mu kanmu tsikar jikinmu ta tashi, muka ji wani abu ya tokare mana maƙogwaro. Tun daga ranar wata tambaya ta hana mu sakat. Wannan hawaye, na mene ne? Imani ne ya motsa, ko daɗin murya ne kawai ya yi aikinsa? In kuwa daɗin murya ne, da wane haƙƙi muke tashi daga wurin muna jin cewa mun ƙara kusanta ga Ubangiji?

Harshenmu ma ya nuna cewa akwai ɗari-ɗari a cikin lamarin. Abin da yaran nan suke rerawa ba mu cika son kiransa waƙa ba. Mukan ce waƙe, ko ƙasida, ko bege, domin mu raba shi da abin da makaɗa ke yi a gidan biki ko a ƙofar fada. Amma kunne bai san wannan rabe-raben ba. Abin da yake ji shi ne hawa da saukar murya, da kari, da amsa-amo, da yadda amshi ke komowa a kan lokacinsa. Da wannan Alhaji Mamman Shata ya riƙe jama'a shekara da shekaru, da shi kuma makafi suka riƙa ratsa kasuwanni da Infirajin Malam Aliyu Namangi har mata a cikin kulle suka haddace shi. Kayan aikin guda ne, inda aka nufa da shi ne ya bambanta.

Magabata ba su jahilci ƙarfin sauti ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana da wani mai kora raƙuma da ake kira Anjasha, mai zaƙin murya, wanda in ya rera sai raƙuma su ƙara sauri, har aka umarce shi da ya sassauta saboda matan da ke bisa. Mutumin Potiskum ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya ga yadda Bafulatani ke kiran garkensa da murya, saniya ta baro ciyawa ta nufo shi. To, in dabbar da ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba tana amsa wa murya, ashe motsuwar da muke yi ba ta isa ta zama shaidar komai ba. A shekarar 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin suka auna bugun zuciyar matasa masu rera waƙa tare, suka tarar yana daidaita da juna, saboda tsawon layin waƙa yana tilasta musu shaƙar numfashi da saukar da shi lokaci guda. Wato jiki yana da nasa rabon a cikin abin da muke kira shauƙi, kuma rabon ba kaɗan ba ne.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da gida. A shekarun 1990 an yi ƙungiyoyin matasa masu bege a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya su cire kalmomin soyayya su ɗora yabon Annabi (SAW), su haɗa da bandiri. Kasakasansu sun karaɗe Arewa. Sai a tarar da saurayin da ya ji karin nan jiya a silima ransa ya tafi ga budurwa, yau ya ji shi a wurin Maulidi ransa ya tafi Madina, kuma hawayen jiya da na yau ɗanɗanonsu ɗaya. Masu suka suka ce ai ga hujja nan, kari ne yake sa kuka, kalmomin rakiya suka yi. Masu karewa suka ce a'a, ƙwato karin aka yi daga hannun shagala aka mai da shi gidan alheri. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma tana daga cikin abubuwan da suka raba mabiya ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. A Potiskum, kamar sauran garuruwanmu, za ka samu wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yana kai 'ya'yansa zagayen Maulidi, ɗaya yana hana nasa leƙawa ko ta taga. Abin lura shi ne makarantun ɓangarorin biyu duka suna koyar da yara waƙe. Abin da aka yi saɓani a kansa shi ne kiɗa, da lokaci, da iyakar yabo. Babu wanda ya yarda ya saki muryar yaro daga hannunsa.

Ba mu kaɗai wannan damuwa ta dama ba. Augustine, babban malamin Kirista na Arewacin Afirka wanda ya rasu a 430, ya ba da labarin yadda ya sha kuka da jin waƙoƙin majami'a a birnin Milan, daga baya kuma ya riƙa tuhumar kansa duk lokacin da ya lura cewa rerawar ta fi ma'anar taɓa shi. Maƙwabtanmu Kiristoci na Potiskum da ƙauyukanta, waɗanda matasansu ke rerawa da Hausa daga Littafin Waƙoƙi ranar Lahadi, sun gaji wannan tambaya kamar yadda muka gaje ta. Mun sha wucewa ta bayan coci mu ji muryoyin samari da 'yan mata sun haɗu sun tashi, mu ji ƙirjinmu ya amsa kafin hankalinmu ya tuna mana cewa aƙidarmu daban. In da hawaye hujja ne a kan gaskiyar abin da ake faɗa, da kowane addini a duniya ya gama kafa hujjarsa tuntuni.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan ladubban sauraro da shauƙi, kuma a ganinmu shi ya fi kusa da bakin zaren. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne, sauti mai daɗi yana motsa abin da ya tarar a cikin zuciya ne, ba ya zuwa da nasa. Mu kwatanta shi da muciya: abin da aka zuba a tukunya shi za ta juyo, in tsaki ne tsaki, in gari ne gari. Dillalin nan da ya yi kuka, wataƙila mahaifiyarsa ya tuna, wadda take rera Ishiriniya tana tankaɗe. Wataƙila wani ciniki ya tuna da ya ɓoye aibin sa ya sayar. Wataƙila tsoron kabari ne ya taso masa tsakani da Allah. Yarinyar ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita dai ta juya tukunya.

To, amma me ya sa muryar yaro ta fi ta babba yi mana wannan aiki? Malami mai furfura zai karanta baitin nan da ƙwarewar da ta ninka ta yarinyar, mu ce madalla, mu wuce. Muna jin dalili na farko shi ne ba ma zargin yaro. In babba ya yi wa'azi cikin waƙe, wani sashe na zuciyarmu yana tsaye yana gadi, yana tambaya ko me mutumin nan yake nema, ko shi ya aikata abin da yake faɗa. In yaro ne, mai gadin sai ya ajiye sandarsa. Sa'an nan akwai tazarar da ke tsakanin mai faɗa da abin da ake faɗa. Yarinya 'yar shekara tara tana ambaton mutuwa da hisabi da zunubi, alhali alƙalami bai hau kanta ba. Mu da ya hau kanmu muna zaune muna saurare. Kamar dai an aiko mana da sammaci ta hannun wanda bai san abin da ke cikin takardar ba. A ƙarshe kuma, murya ce mai wa'adi. Nan da shekara uku ko huɗu ta namiji za ta fashe, ta mace kuma kunya da aure su ɓoye ta. Muna jin abin da muka taɓa mallaka ya kuɓuce mana, domin mu ma mun taɓa tsayawa a irin wannan layi da wankakkiyar riga.

Sai dai a Potiskum dole mu gyara maganarmu ta cewa yaro bai san mutuwa ba. Ranar 6 ga Yuli, 2013, aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, aka kashe mutum 42, mafi yawansu ɗalibai. Ranar 3 ga Nuwamba, 2014, bam ya tashi a cikin masu muzaharar Ashura a tsakiyar gari. Mako guda bayan haka, ranar 10 ga wata, wani ya saje da ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ya tayar da bam a taron safe, sama da yara 40 suka rasu. Waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a garin nan cikin waɗannan shekaru sun raka yayyensu maƙabarta kafin su iya ɗaure wando. In irin wannan yaro ya ja baitin da ke cewa duniya ba wurin zama ba ce, ba aron baki yake yi ba. Mun ji waƙe a Potiskum kafin wancan lokaci, mun kuma ji bayansa, kuma shirun da ke biyo bayan amshi ya canza nauyi.

A nan ne kuma tambayar ta daina zama ta masu hira a inuwa. Waɗanda suka aiko da mutuwar nan su ma suna da nasu waƙen. Duk wanda ya ga bidiyoyin Boko Haram ya ji muryoyin samari suna rerawa da Larabci da Hausa, babu kiɗa, da kari mai ratsa jiki, suna ƙawata kisa da shahada. Ba mu da dalilin ɗauka cewa yaron da ya saurari wannan a daji tsikar jikinsa ba ta tashi kamar yadda tamu ta tashi a ƙarƙashin rumfa. Ta tashi, ya kuma ɗauki tashin nata a matsayin shaidar cewa yana kan gaskiya. Kuskuren da muke yi cikin kwanciyar hankali a wurin walima, shi ya yi, nasa ya kai shi inda ya kai shi. Saboda haka duk malamin da ya koya wa ɗalibansa cewa kuka alamar karɓuwa ce, bai kuma koya musu su tambayi abin da baitin yake cewa da inda yake kiransu ba, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai murya da zai biyo baya.

Ba za mu tsame kanmu ba. Mun taɓa taimakawa wajen shirya yara domin walima a wata makaranta da ba sai mun ambaci sunanta ba. Da aka zo zaɓen wadda za ta ja baiti, akwai yarinyar da ta fi kowa fahimtar ƙasidar, tana iya fassara ta layi-layi, amma muryarta ba ta da zaƙi; aka tura ta layin baya. Wadda aka zaɓa ba ta san ma'anar rabin abin da take faɗa ba. Wannan bai dame mu ba sosai. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ranar da muka ji mai koyarwa yana nuna mata daidai gaɓar da za ta karya murya kamar kuka ya ƙwace mata, yana sa ta maimaita har ta iya. Ranar taro ta karya muryar a inda aka ce, mata suka ɗauki salati, maza suka taso suna liƙa mata kuɗi a goshi, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka domin Facebook da WhatsApp. An tara abin da aka tara, aka ce na gyaran rufin aji ne. Ba mu ce an ci ba. Muna cewa dai a ranar an koya wa yarinya 'yar shekara goma cewa ana iya ƙera khushu'i a sayar, kuma mu muka riƙe mata fitila. Riya cuta ce da malamai suka ce ta fi tafiyar tururuwa ɓoyuwa. Mu kuwa muka sa ta a manhaja.

Wani zai ce, to a hana mana, a huta. Ba mu tare da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kiɗe-kiɗen fada da na shagala, amma shi da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa sun bar waƙoƙi masu yawa da Larabci da Fulatanci da Hausa, domin sun san talakan da ba zai buɗe littafi ba zai riƙe baiti. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙe ta aika jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Ya kuma tabbata cewa wasu 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Al'ummar da ta rufe bakin yaranta daga waƙen alheri ba ta mai da su kurame ba. Za su ji na wasu.

Hatta rashin fahimtar ma'ana, da muka ambata, bai kamata a yi masa hukunci da gaggawa ba. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, kakanninmu mata da yawa sun haddace ta ba tare da sun san nahawun Larabci ba, kuma babu mai cewa soyayyarsu ga Annabi (SAW) ta jabu ce. Manomin ƙasar nan ya san binne: akan zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a tafi gida a jira. Da yawa daga cikinmu sai da muka haura shekara arba'in, muna tsaye a bakin kabarin uba ko na ɗa, wani baiti da muka rera muna aji uku ya faɗo mana, ma'anarsa ta buɗe gaba ɗaya. Wanda ya binne mana shi ya daɗe da rasuwa. Abin da muke ƙi shi ne a binne tsakuwa a ce iri ne, ko a tone ƙasar kullum domin a nuna wa baƙi.

Hukuncinmu dai, gwargwadon abin da muka iya hangowa, shi ne hawayen nan ba ƙarya ba ne, ba kuma ibada ba ne tukuna. Laushi ne irin na ƙasa bayan ruwan fari. Ana gane amfaninsa ne daga baya, ranar Laraba a kara, lokacin da mai saye ya tambayi dillali ko san nan yana da aibi. Kuma ana gane shi daga yadda muka ɗauki su yaran da suka jawo shi. Wannan na biyun ya fi ba mu kunya, domin Potiskum cike take da wasu yara masu rera sunan Allah waɗanda ba a kafa musu rumfa. Bayan magariba sukan tsaya a ƙofar gida da ƙoƙo ko roba, su ja bara da kari, wani lokaci da muryar da ta fi ta 'yar walima zaƙi. Shekarunsu ɗaya da nata, Ubangijin da suke ambato ɗaya. Mutumin da ya jiƙa bakin rigarsa da la'asar shi ne zai ɗaga murya daga cikin gida da isha ya ce a yi haƙuri, ko ma ya aika a kore su saboda suna damun mai gida. Mun yi haka, ba sau ɗaya ba. Mun rasa yadda za mu bayyana wa kanmu dalilin da ya sa murya ɗaya take narka mu in ta fito daga wankakken hijabi ta cikin lasifika, ta kuma gundure mu in ta fito daga yagaggiyar riga, sai dai in abin da ke sa mu kuka ya haɗa da tsabtar wurin, da idon jama'a, da sanin cewa ba za a nemi komai daga gare mu ba face abin da muka ga damar liƙawa.

A ranar walimar da muka faɗa, bayan an yi addu'a an watse, masu haya suna tattara kujeru suna lodawa a kura, almajirai suka shigo filin suna tsintar ragowar shinkafa a robobi. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai fi shekara takwas ba, ashe duk yinin yana bayan katanga yana saurare. Yana tsinta yana rera amshin ƙasidar, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba, har da wurin da ake karya murya. Mai koyarwar yana tsaye yana ƙirga kuɗin liƙi, ya ɗago kai ya ce, "Kai, ɗan wane ne wannan?" Babu wanda ya sani. Kafin a kira shi ya cika robarsa ya bi 'yan uwansa, suka nufi hanyar tasha.